Faifan da Ya Kalli Sama a Toukra

Toukra, Njamena
Farkon watan Afrilu

Zuwa ga uwargidana Adawiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar ni. Yaya mai jego, 'yarmu Zalika? Ina fatan ɗinkin aikin da aka yi mata yana warkewa. Yaya jaririn da mahaifinsa da dukan mutanen Damagaram? Allah ya raya mana shi bisa tafarkin addini.

Na san za ki yi dariya ki ce ga waya a aljihuna amma na koma ga alƙalami. Kin san halina: da zarar na danna abin naɗar murya sai maganata ta watse, in fara da ƙarshe in ƙare da farko. Oumarou mai tattasai zai tashi zuwa wajenku jibi, shi zan ba wa.

Na kwashe sauran kayanmu zuwa sabon gida, ban fasa ko kofi ba. Amma ba wannan ne dalilin rubutuna ba. Magada sun zauna a kan gidanmu na gado da ke unguwar Bololo, an kuma tsai da magana cewa bayan Babbar Sallah za a rushe shi a yi shaguna. Ɗakin Inna yana cikin abin da za a rushe. Ƙanwata Ummu Salma ta iso daga Kano da niyyar tafiya da ita. Ta ce can akwai asibiti kusa, akwai jikoki cike da gida, ni kuwa na je na yi gini a ƙetaren kogi, cikin gonakin mutane. Ban iya musa mata ko ɗaya ba.

Da aka tambayi Inna, sai ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce za ta je ta ga gidan Mai-takarda tukuna, in ta gani za ta faɗi inda za ta zauna. Kin san da yake ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, da wannan laƙabi na girma. Adawiyya, idan Inna ta tafi Kano a shekarunta, ni da ke mun san ba za ta sake taka Njamena ba. A nan aka haife ta, a nan mahaifina yake kwance.

Na yi nazari a kan abin da yake riƙe da zuciyarta a kullum, na ga bai wuce tashar talabijin ta Makka ba. Idanunta sun yi rauni, ta taɓa gaya mini fari kawai take gani yana zagaya baƙi, amma daga hantsi har la'asar tana gaban tele. Saboda haka na yanke shawarar kafa faifan tauraron ɗan Adam, wato parabol, tare da jawo wayar intanet, domin ta ga Ka'aba ta kuma ga jikokinta na Kano duk lokacin da ta so. Ta haka hujjar Ummu Salma za ta ragu da rabi.

Na karanta ƙasidun da suka zo da na'urorin, na Faransanci da na Larabci, na ja layi a ƙarƙashin duk abin da ya kamata. Ina son a yi ayyukan biyu tare domin a huda bango sau ɗaya, wayoyin su shiga ta kafa guda. Ki gafarce ni, na buɗe gwangwanin ɗinkinki na ɗebi zare ja da kore. Ja na ɗaura wa wayar parabol, kore na intanet, don kada wani ya zo bayana ya rikita su. Na mayar da allurai yadda na same su.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaishe da surukanmu da kyau.

Mijinki,
Zubair Lukumanu


Toukra, Njamena
Ƙarshen watan Afrilu

Zuwa ga Adawiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar kewa, tare da fatan zafin bazara bai matsa muku ba kamar yadda ya matsa mana. Saƙonki na baka ya iso ta hannun Oumarou, da kilishin. Na gode, Allah ya saka da alheri. Na ji kin ce in riƙa cin abinci a zaune, ina ƙoƙari.

An kafa faifan. Wani mai sana'ar, Alamin, mutumin unguwar Moursal, shi ya yi aikin, kuma ban same shi da ha'inci ba. Ban yarda a ɗora a kan kwanon rufi ba saboda iskar damina, sai muka kafa doguwar sandar ƙarfe a bayan ɗakin da na ware wa Inna. Faifan babba ne, da kyar mutum biyu suka ɗaga shi. Abin da ya ba ni mamaki, ko da yake na riga na karanta shi, shi ne tauraron da ke ɗauke da tashar Makka kusan a saman kanmu yake. Don haka faifan bai jingina ba kamar na maƙwabta, kallon sama yake yi sosai, tamkar an ajiye akushi a kan turke. Da hoton ya fito, na ga masu ɗawafi tar, har ana gane zanen marmara. Na tsaya ni kaɗai a ɗakin Inna, na ji idona ya ciko.

Shirina na yin ayyukan biyu a rana ɗaya bai yiwu ba. Masu intanet sun ce turkensu na ƙarshe a bakin kwalta yake, daga can zuwa gidanmu sai an binne waya a ƙasa, kuma hanyar ta ratsa lambun maƙwabcinmu. Sunansa Gado, mutumin Maraɗi ne, dattijo mai yawan barkwanci, yana noman kuɓewa da yakuwa. Na kwana ina shirya kalmomin da zan roƙe shi da su, amma ban kai rabi ba ya katse ni ya ce in haƙa, sai dai in gama kafin ruwan farko, don ba zai bari a tone masa shuka ba ko Makka ce da kanta za ta biyo ta cikin wayar. Sannan ya ɗaga kai ya dubi faifan ya ce, "Malam, wanga kwano da ka miƙa ma sama, ai wata rana sai an zuba maka wani abu ciki."

Na ɗauki maganarsa wasa. Bayan 'yan kwanaki hoton ya fara yayyagewa. Na bi wayar mai jan zare tun daga bayan tele har gindin sanda, ban ga aibu ba. Da na hau tsani sai na tarar da ƙirare a cikin faifan. Na zargi yaran unguwa, Allah ya yafe mini, har na shirya zuwa wajen iyayensu. Washegari da na fito daga sallar asuba na ga masu aikin da idona. Shamuwa ce, su biyu, baƙaƙe masu farin ciki, ɗaya tana tsaye a gefen faifan, ɗaya tana saukowa da kara a baki. Sheƙa suke yi.

Ƙasidar ta faɗa ƙarara cewa kada a bar komai a cikin faifai, ko ganye. Don haka kowace safiya ina hawa in kwashe, su kuma kafin azahar sun mayar. Ba sa gudu idan na hau. Sukan koma kan katanga su zuba mini ido har in gama, kuma wallahi kallon nan yana damuna fiye da hawan tsanin. Gado yakan jingina da fartanyarsa ya yi ta kallonmu, jiya har ya tambaye ni wa ke kan gaba, ni ko baƙina. Ya ce a garinsu ba a korar shamuwa, gidan da ta zaɓa ta ga alheri ne a cikinsa. Na ce masa na san wannan magana tun ina yaro, amma ban same ta a rubuce ba.

Ban gaya wa kowa a Bololo ba. Ke ma ki riƙe a cikinki.

Naki har kullum,
Zubair


Toukra, Njamena
Tsakiyar watan Mayu

Zuwa ga Adawiyya, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kuna lafiya, ke da Zalika da ɗan ƙaramin maigida. Wannan takarda ba ta hannun Oumarou za ta zo ba. Hotonta zan ɗauka in aiko miki, ita ce kuma abu na farko da zai bi ta sabuwar wayarmu ya fita daga gidan nan. Idan wani layi bai fito ba ki sanar da ni in sake ɗauka.

An binne wayar. Na sa ta cikin bututun roba saboda gara da fartanya, na kuma jera tubala a kan layin don Gado ya san inda take. Mun rufe ramin da yamma, da daddare aka yi yayyafin farko. Wayoyin biyu sun shiga ta kafa ɗaya kamar yadda na tsara, ja da kore, na toshe gefen da siminti. Ta wannan ɓangaren ba ni da abin cewa sai godiya.

Ta ɗaya ɓangaren kuwa, na daina hawa tsani. Ranar Litinin da ta wuce na hau kamar kullum, na miƙa hannu zan kwashe ƙiraren, sai yatsuna suka taɓa abu mai ɗumi. Ƙwai ne. Na daɗe a kan tsanin nan hannuna a sama. Uwar tana kan katanga, ba ta yi motsi ba. Kwashe kara daban ne, Adawiyya, wannan kuma daban. Na sauko na kwantar da tsanin a bayan ɗakin girki. Yanzu sheƙar ta cika faifan, tele kuma ba ya nuna komai sai rubutun da ke cewa babu sigina.

Na kira Alamin. Ya ce abu ne mai sauƙi, a ɗauke sheƙar a mayar kan bishiyar Gado. Na tambaye shi ko zai iya ba ni tabbacin za su bi ta, ya ce shi tauraro ya sani, bai san tsuntsu ba. Na nemi faifai na biyu, ya zagaya kasuwa bai samu mai girman da zai kamo tashar ba, sai kaya sun iso daga Douala bayan Sallah.

Abin da ya rage mini shi ne intanet. Ana iya kallon tashar ta nan, na kuma haɗa ta da tele bisa ga bayanin ƙasida. Da sassafe tana tafiya lafiya. Amma da rana, idan jama'a suka hau, sai hoton ya riƙa tsayawa. Masu ɗawafi su daskare, kowa da ƙafa ɗaya a sama, wani ɗan da'ira yana juyawa a tsakiyar Ka'aba. Na gwada a lokuta daban-daban don in gane sa'ar da ta fi kyau, na ga ita ce sa'ar da babu baƙon da zai zo gidan mutum.

Ummu Salma ta aiko cewa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za su zo. Ta riga ta fara ɗaure kayan Inna, wai don kada a yi gaggawa daga baya. Na share ɗakin, na shimfiɗa sabuwar darduma, na sa ƙarfen dafawa a banɗaki. Amma abin da na yi alkawari a zuciyata zan nuna mata, na bar wa tsuntsaye. Wani lokaci nakan ce wauta na yi, mutum ya saki mahaifiyarsa saboda ƙwan da ba nasa ba. Har na je na ɗaga tsanin jiya, na sake ajiye shi.

Ki faɗa mini gaskiya, me za ki yi da ke ce?

Mijinki mai kewarki,
Zubair


Toukra, Njamena
Farkon watan Yuni

Zuwa ga Adawiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk wanda ke tare da ke. Na saurari saƙon muryarki. Rabinsa dariya ce, sauran rabin kuma kin ce in bar tsani ya huta in bar Inna ta yi gani da kanta. Na bi maganarki, ga kuma yadda aka yi.

Sun iso da rana tsaka a motar haya. Tun daga gadar Chagoua, in ji direban, Ummu Salma take lissafa nisan wurin. Na riƙe hannun Inna na kai ta ɗakinta, ta shafa bango, ta shafa katifa. Na kunna tele ta hanyar intanet ina addu'a a zuci. Ya yi tafiya kaɗan, har Inna ta gyara zama, sai ya tsaya. Ta matso da fuskarta ta ce, "Mai-takarda, mutanen nan sun gaji ne?" Ummu Salma ta kau da kai tana danne dariya, ta ce a Kano ba sa gajiya. Na fara bayanin yawan jama'a a kan layi, na ji da kunnena cewa maganar ba ta da amfani.

Da la'asar ta gabato Inna ta nemi buta. Na ce ga banɗaki a cikin ɗaki, ta ce ita ba ta alwala a inda take kwana. Dole na fito da ita bayan ɗaki, wurin da na yi niyyar kada ta je. Tana cikin wanke hannu sai ɗaya shamuwar ta dawo daga kiwo, inuwarta ta ratsa kanmu, ta sauka a gefen faifan, su biyun suka shiga kaɗa baki suna gaisawa. Inna ta tsaya da butar a hannu, ruwa yana zuba a ƙasa. Ba ta ɗaga kai ba tukuna, kunne ta karkata. Sannan ta ce, "Wa nake ji haka?"

Na faɗa mata komai, har da safiyoyin da na yi ina kwashe musu kara. Ta ce in kawo mata kujera. Ta zauna ta kare ido da tafin hannu tana duban sama, ta ce tana ganinsu, baƙi da fari. Sai ta tambayi Ummu Salma ko ta tuna tsamiyar da ke tsakar gidanmu na Bololo. Ummu Salma ba ta tuna ba, tana goye aka sare ta don a yi shagon farko. Ni na tuna kututturen kawai. Inna ta ce tun ranar da aka kawo ta gidan tana amarya, kowace shekara shamuwa takan sauka a kan tsamiyar nan, mahaifinmu kuma yakan tsaya da bulala a ƙofa saboda yara masu jifa. Shekarar da aka sare ta, sun zo sun yi ta zagaya sararin gidan har yamma, suka tafi. Ta ce tun daga ranar ba ta sake jin wannan ƙarar ba, ta ɗauka ma sun bar ƙasar.

Gado ya leƙo ta kan katanga ya gaishe ta, ya ce, "Hajiya, ɗanki ya yi yaƙi da su, sun ci shi." Ta ce masa ai ba a banza ba, tun yana yaro ko kaza ba ta jin tsoronsa. Suka yi ta dariya su biyu kamar sun shekara da sanin juna, ni ina tsaye da buta.

Ummu Salma ta ce yamma tana yi, a tashi. Inna ta ce wa Ummu Salma ta tafi ita kaɗai, gobe ta aiko mata da akwatinta da turminta na goro. Ummu Salma ta ce, to Kano fa? Inna ta ce, "Kano tana nan inda take. Waɗannan baƙi ne, kuma sun sauka a hannun wanda bai san kan baƙi ba. In na bar su da shi, sai ya auna su da magwaji ya ɗaura musu zare a ƙafa. Zan zauna har 'ya'yan su tashi, sannan a yi magana."

Ƙanwata ta yi fushi a ranar, amma ba mai nisa ba. Ta riga ta koma Kano. Jiya Inna ta yi hira da jikokinta na Kano ta wayar mai koren zare, hoton bai tsaya ba ko sau ɗaya, Ummu Salma kuma ta ce in juya wayar hannuna su ga sheƙar. Tashar Makka da asuba Inna take kallonta yanzu, lokacin da masu ɗawafi ba sa gajiya. Sauran yini tana bayan ɗaki a kan kujerarta. An ƙyanƙyashe, muna jin kukansu, ta kuma hana ni ko kusantar tsani.

Kin lura da abin da ta ce: har 'ya'yan su tashi. Wannan ya hana ni sukuni, domin kafin kaka za su tashi. Na je ofishin masu kula da gandun daji na nemi abin karantawa a kan shamuwa, wani ma'aikaci ya ba ni wata tsohuwar ƙasida. A ciki an rubuta cewa idan ba a taɓa sheƙarta ba, takan komo gare ta shekara bayan shekara. Na karanta layin har na haddace shi. Ban gaya wa Inna ba, ina kuma zaton ta riga ni sani.

Na ce wa Alamin idan sabon faifan ya iso, a can gaban gida za a kafa shi, a ƙasa, in yi masa rumfar raga. Na farkon kuwa ya zama nasu. Na cire jan zaren daga wayarsa na mayar miki cikin gwangwani. Yau da safe ni da Gado muka ƙara wa gindin sandar siminti, domin iskar watan Agusta ba ta da tabbas.

Inna tana gaishe ki, ta ce ki taho mata da hoton jaririn na takarda, wanda za ta riƙe a hannu. Ki sanar da ni ranar tasowarki in zo tasha. Allah ya kawo ki lafiya gidanki.

Mijinki,
Zubair Lukumanu